Gadon Inna da Takalman Malam Isuhu

Funtua zuwa Kano

Ƙarfe huɗu da rabi na asuba direba ya yi ham a ƙofar gida, wata Talata cikin Agustan 1986. Ban fita ba sai da na shiga ɗakin Inna. Shekara biyu ke nan da ɓarin jikinta na dama ya shanye, tana kwance a katifa a ƙasa, ba abin da take kallo sai rufin ɗaki. Abinci sai mutum biyu sun tallabe ta, salla kuwa a kwance take yi da nuni. Ƙanwata Mairo ce ta haihu a Amurka, haihuwar fari, kuma da Inna na da lafiya ita za ta je wankan jego. Sai abin ya faɗo kaina, ni babbar 'ya, shugabar makarantar firamare da ba ta taɓa wuce Legas ba.

Mairo ta riga ta gaya mana an samo wa Inna gadon asibiti, irin mai hannu da ake murzawa ya ɗago mutum ya zauna. Saura a sa shi a jirgin ruwa. Na durƙusa na yi mata sallama, ta kama zanena da hannun hagu ta ce, "Ni dai in zauna in ga tsakar gidana." Na ce, "Inna, ba zan baro ƙasar nan ba sai gadonki ya kamo hanya." Da bakina na faɗa, kuma na san ba ta mantuwa.

Fijo ce ta ɗauke ni. Zariya shida saura kwata, Kano tara da 'yan mintoci, shingen 'yan sanda uku a tsakani. A na Kwanar Ɗangora wani ya buɗe jakata, warin daddawa ya buge shi, ya ce, "Hajiya, har Amurka za a kai wannan?" Na ce, "Can ma miya suke sha." Jirgin Legas na ƙarfe ɗaya bai tashi ba sai la'asar, na New York kuma ya kwana da mu a sama, awa goma sha ɗaya ina riƙe da hannun kujera.

New York zuwa Greenbelt

A kwastan na fara gane Turancina yana da iyaka. Jami'in ya ɗaga dunƙulen kanwa ya ce mene ne wannan. Shekara ashirin ina koyar da Turanci, amma ban san sunan kanwa ba. Na ce gishiri ne, amma ba gishiri ba ne. Ya dube ni, na dube shi. Ya buɗe yajin jego ya shaƙa, ya yi atishawa uku, ya rufe da sauri ya ce in wuce. Kilishi kam ya ƙwace, ko ƙyalle bai bar mini ba.

Ƙaramin jirgi ya kai ni Washington cikin awa ɗaya. Mijin Mairo, Injiniya Bala, ya tarbe ni. Na zo da rigunan sanyi biyu a jikina don an ce ƙasar ƙanƙara ce, sai na tarar da zafi mai danƙo da ya fi na Lakwaja. Muka hau wani titi da ya zagaye birnin gaba ɗaya, motoci jere huɗu suna gudu, ba mai tsayawa ɗaukar kowa. Greenbelt unguwa ce cikin itatuwa, gidajen bene iri ɗaya. Nasu yana hawa na biyu, ba tsakar gida, ba murhu, ba wurin shanya. Wankan jego a tukwane huɗu na dafa shi a kan risho na lantarki. Ranar farko tururi ya tada wata na'ura a rufi ta yi ta kururuwa, har maƙwabciya ta zo da gudu ta tarar da ni da ganye a hannu.

An raɗa wa yarinya suna tun ran bakwai, amma an jinkirta taron sai na zo. Ranar Asabar gida ya cika da Hausawan yankin: likitoci, nas-nas, ɗalibai, 'yan Kano, 'yan Jos, 'yan Nijar. A nan na ga Sista Ladi, 'yar Zonkwa, nas ce a wani asibiti. Ita ta samo gadon. Asibitinsu ya sauya zuwa na lantarki, ta roƙi ɗaya daga cikin tsofaffin ta ajiye a garejinta a Takoma Park. Na rungume ta ina godiya, ta ce, "Haba Hajiya, uwar wani ai uwar kowa ce."

Daɗi ya kwashe ni. A gida, in za ka yi tafiya ba ka ce wa maƙwabta ko akwai saƙo ba, ka yi rowa, za a daɗe ana faɗa. Na miƙe na tafa hannu na ce, "Jama'a, akwati zai tafi gida ta jirgin ruwa. Duk mai saƙo ya kawo." Aka yi guɗa. Injiniya ya ƙware da lemo, ya matso ya ce a hankali, "Yaya, akwatin nan fa aunawa aka yi." Na ce, "Injiniya, jirgin ruwa ne fa, ba Fijo ba. An ce ya fi unguwa girma. Ƙullin mutane ne zai gagare shi?" Ya buɗe baki, ya tuna ni yayar matarsa ce, ya rufe.

Wheaton

Litinin aka tura Injiniya aiki wata jiha na mako biyu. Mairo tana cikin jego ba fita. Sa hannu a ofishin masu tura kaya ya koma wuyana. Wanda ya kai ni shi ne Malam Isuhu, mutumin Maraɗi, ɗalibin aikin gona a jami'ar da ke kusa, yana tuƙa wa wani kanti motar kaya a ranakun da ba shi da aji. Mutum ne mai sanyin magana, in ya yi jimla ɗaya ta Hausa sai ya yafa mata Faransanci. Mun tashi tara da rabi ranar Laraba, tafiyar kilomita ashirin ta ci mana minti hamsin saboda cunkoso. A hanya ya nuna mini kantin wani ɗan Gana inda ake sayar da doya ɗaya dala huɗu, na ce ya ƙara mai.

Ofishin yana saman wani shagon wanki. Muka tarar da dogon tsohon Bature mai gira kamar tsintsiya, da ƙamus mai girman bulo a gefen tebur. Ya ce shekara arba'in ya yi a harkar jiragen ruwa. Tun ranar na sa masa Malam Ƙamus. Ya miƙo mini takarda mai layi bakwai na kuɗi. Na karanta daga sama har ƙasa, haruffan duk na sani, kalma ko ɗaya ban sani ba. Na ɗora yatsa a kan ta farko na ce, "Wannan freight ɗin fa?"

Idonsa ya yi haske. Daga baya Isuhu ya ce mini da na sani da ban tambaya ba. Tsohon ya ce kalmar ba ta Ingila ba ce, daga bakin mutanen Holan aka aro ta, ma'anarta kuɗin hayar jirgi. Ya ce jirgi wuri yake sayarwa, ana duba nauyin kaya a duba girmansu, wanda ya fi tsada shi ake biya. Ya ce buhun auduga ba nauyi amma yana cin wuri. Ni 'yar Funtua ake gaya wa auduga! Na gyaɗa kai, alhali hankalina yana can yana tambayar me ya kawo Holan cikin gadon Inna.

"Wharfage fa?"

Ya ce wannan tsohon Turanci ne, asalinsa gaɓar ruwa da aka gina don jirgi ya jingina. Kuɗin taka dandamalin ne. Na ce wa Isuhu da Hausa, "Kuɗin ƙasa ke nan, irin na kasuwa." Na ji na fara kama zaren. Sai ya tsinke a layi na uku, inda aka ce kuɗin stevedore. Tsohon ya ce wannan daga Sifaniyanci ne, mai cusa kaya ya danne su. Na ce, "'Yan dako?" Isuhu ya ce, "Su ne." Na ce, "To me ya hana a rubuta 'yan dako? Sai an je Sifen an ɗauko musu suna?"

Na tambayi nawa ne duka. Ya ce yana cikin tariff. Ya juyo da ƙamus ya ce wannan ai tamu ce, daga Larabci ta fito, ta'arif, wato sanarwa, don a da ana sanar da 'yan kasuwa abin da za su biya. Na san ta'arifi tun a Islamiyya, amma ban taɓa jin an biya shi da dala ba. Ga shi kuma an yi sanarwar, ni ban sanu ba.

A ƙasa akwai demurrage, ba adadi a gabanta. Kafin tsohon ya buɗe baki Isuhu ya ce, "Wanga kam na san danginta. Da Faransanci demeurer, zama ke nan, mutum ya tsaya bai tahi ba." Tsohon ya buga tebur don murna, ya ce haka ne, daga tsohon Faransanci take. Ya ce in ka tsai da jirgi, ko ka bar kayanka a tasha suka wuce kwanakin da aka ba ka, kowace rana da kuɗinta. Na ce, "Wato in kaya sun tafi a biya, in sun zauna a biya?" Ya ce ƙwarai. Na ce da Hausa, a Funtua baƙo in ya daɗe tuwo ake ƙara masa. Isuhu bai fassara wannan ba.

Ta ƙarshe ita ta ɓata mini rai, general average. Na ce wannan na san ta, a lissafi nake koyar da ita, a tara maki a raba. Ya ce ta lissafin daga baya ta zo, ta jirgin ce uwa. Ya ce masana da yawa suna ganin ita ma daga Larabci take, awar, lahanin da ya sami kaya, ta bi ta bakin 'yan kasuwar Italiya da Faransa kafin ta iso Ingila. Sannan ya yi bayani. In jirgi ya shiga hatsari a teku, kyaftin yana da ikon jefa wasu kaya cikin ruwa don sauran su tsira. In an iso tudu, duk wanda kayansa suka tsira zai ba da rabonsa a biya wanda aka jefa nasa.

Na ce, "Tsaya. Kayana sun iso lafiya, ban jefa na kowa ba, ban san mai su ba, kuma in biya?"

Ya ce, "Don an jefa nasa ne naki suka iso."

Na ce wa Isuhu wannan fashi ne da alƙalami. Na sa hannu don ba yadda zan yi. Tsohon ya raka mu har matakala yana cewa Juma'a ta sama ƙarfe huɗu ake rufe karɓar kaya a Baltimore, kuma akwatinmu an ba shi wurinsa a cikin kwantena tare da na wasu mutane. Na fito kaina yana juyawa da Holan da Sifen da Larabawa. Maganar wuri kuwa ta shiga ta kunnen dama ta fita ta hagu, don a raina na riga na yanke cewa in kaya sun yi yawa ƙarin kuɗi ne kawai, kamar a tashar mota.

Greenbelt, kwanakin saƙo

Saƙo ya fara zuwa tun washegari. Wata ta kawo fanka, wani rediyo mai kaset biyu, wata tukunyar dafa shinkafa ta lantarki zuwa ƙauyen da ba wuta. Akwai keken yara, akwai katan na man shafawa, akwai agogon bango. Sista Ladi ta kawo sandar dogarawa mai ƙafa huɗu da magunguna na babanta. Kowa in ya ajiye sai ya ce, "Amana, Hajiya." Ni kuma in ce, "Allah ya ba mu ikon riƙewa." Gida tara suka kawo, har da Isuhu. Ni ma na sayi keken ɗinki na lantarki da ƙaramin talbijin. Falo ya cika har sai an ɗaga jaririya sama ake wucewa da ita. Mairo ta ce, "Yaya, anya kuwa?" Na ce ta sha kununta.

Na Isuhu ya zo ƙarshe, manyan katan uku. Takalma ne, na maza da na yara. Shekara biyu yana bin kantuna lokacin rangwame yana saye ɗaiɗai, don ƙanensa ya buɗe teburi a kasuwar Maraɗi ya riƙe gidansu, tunda mahaifinsu ya rasu. Ya shafa katan ɗin ya ce, "Hajiya, jarin gidanmu ke nan duka."

Baltimore

Ranar Juma'a muka fara biyawa Takoma Park muka ɗauki gadon, ƙarfe ne zalla, sai da maza uku suka ɗaga. Goma da rabi muka kama hanyar Baltimore, kilomita sittin daga can. Kusa da gari muka biya dala ɗaya a wata ƙofa, sai na ga titi ya nutse ƙasa, fitilu sun kunnu. Na ce ina muke. Isuhu ya ce ƙarƙashin ruwa, jirage suna bisa kanmu. Na yi ta salati har muka ga rana.

Mun ɓata sau biyu kafin mu sami rumbun, wani zungureren gini a bayan layin dogo. Ƙarfe ɗaya ta wuce. Shugaban ma'aikatan baƙar fata ne mai faɗin ƙirji, tef ɗin awo a rataye a ɗamararsa, yana ce mini Mama. Ya nuna mana akwatin katakon da Injiniya ya sa aka ƙera. Tsawon gado ne, faɗin gado, da ɗan rara a sama. Aka kwance gadon aka shimfiɗa ƙarafan, aka ɗora katifarsa, aka soma cusa saƙo ta kowace kafa. Akwati ya cika, tulin da ke ƙasa ko rabi bai ragu ba.

Na ce a kawo wani akwatin, zan biya. Ya ce, "Mama, ba maganar kuɗi ba ce. Kwantenar ta cika da kayan wasu. Ko inci ɗaya babu." Na ce a ɗaure a sama. Ya ce saman me. Na ce wa Isuhu ya tambaye shi ko akwai yaron jirgi da za a gani a ba shi na goro. Isuhu ya ce, "Hajiya, bato ba kamiyo ba ne," wato jirgin ruwa ba babbar mota ba ne. Na ce to jirgi na gaba fa? Mutumin ya ce sai bayan mako shida, in an samu wuri, kuma duk abin da ya kwana a rumbun nan kowace rana da kuɗinta. Kalmar nan ce, demurrage, ta biyo ni har Baltimore.

Na zauna a kan katan ɗin wani na rasa abin yi. Mako shida na riga na koma gida. In shiga ɗakin Inna in ce mata me? In kuma na cire saƙon mutane, da wane ido zan dube su, ni da na miƙe a gaban taro na ce a kawo? Haushi ya kama ni, na Injiniya da bai daka mini tsawa ba, na Malam Ƙamus da ya binne magana ɗaya mai amfani a cikin harsuna biyar, da na kaina. Na yi kuka a gaban ƙattin Amurka, ban ji kunya ba.

Uku saura kwata na tashi na ce a fitar da keken ɗinkina da talbijin. Aka fitar, aka sake shiri. Mutumin ya ja awonsa ya auna tulin, ya auna ramin da ya rage. Ya ce zaɓi biyu ne. Ko katan ukun nan manya su shiga, ƙananan kayan gida takwas su zauna, ko ƙananan su shiga duka, katan ukun su zauna. Ko kuma, ya ƙara, a cire katifar gadon. Na ce gado ba katifarsa mai lanƙwasa ai ƙarfe ne kawai.

Ban iya duban Isuhu ba. Shi ya kawo ni, shi ya ɗauki gadon a kafaɗarsa, bai karɓi ko kuɗin mai ba. Ya tsaya yana kallon katan ɗinsa. Can sai ya sunkuya ya ja na farko gefe, ya ja na biyu. Na ce, "Malam Isuhu, mene ne haka?" Ya ce, "Hajiya, ba ki ji tsohon ga ba? In bato na nutsewa, wani abu aka jefawa. Nawa ya hi girma." Ya ja na ukun, ya juya baya yana gyara hula, ya daɗe yana gyara ta.

Aka cusa sandar baban Ladi, da fanka, da keken yara, aka buga ƙusa huɗu saura minti goma. Ina tsaye ina jin ƙarar guduma sai maganar da na kira fashi ta dawo mini. Don an jefa nasa ne naki suka iso. A ofis ban gane ba saboda mai asarar ba shi da fuska. Yanzu ga shi a gabana yana mayar da jarin gidansu cikin mota. A hanyar dawowa, ko a ƙarƙashin ruwan ban tuna da tsoro ba.

Takoma Park

Lahadi da la'asar, bayan Sista Ladi ta dawo coci, na sa ta tara mini masu saƙo a gidanta. Na sa aka ajiye katan ukun a tsakiyar falo. Na ba da labari tun daga farko, na faɗi abin da ake yi a teku in an jefa kayan wani. Na yi ƙoƙarin kawo asalin kalmar, na cakuɗa Larabawa da mutanen Holan, har Isuhu ya gyara mini. Na ce, "Ko ma daga ina ta fito, ga abin da nake nufi. Kayanku sun shiga don nasa sun fita. Kowane gida zai ɗauki rabonsa na takalman nan, duk ranar da wani naku zai je gida ya sa a akwatinsa ya kawo mini Funtua. Ƙanensa ya zo daga Maraɗi ya karɓa."

Wani likita, mai rediyon nan, ya gyara zama ya ce, "Hajiya, ban ƙi ba, amma ni an ce in kawo na kawo. Ban ce a cire na kowa ba. Akwati biyu kawai jirgin sama yake ba mutum, kin sani."

Na ce, "Dokta, abin da na faɗa wa Baturen ke nan, kalma da kalma. Rediyonka yana zaune ne a gurbin takalman marayu."

Sista Ladi ta tashi ta yage bakin katan ta ce, "Ni da Kirsimeti zan tafi. A ba ni goma, ko zan bar zannuwana." Wata ta ce ita sai baɗi, amma a ware mata. Dokta ya yi 'yar dariya ya ce, "To a ba ni manyan, tunda ni na yi magana." Aka zube takalma a kan kafet ana haɗa ƙafa da ƙafa, ana rabawa gida-gida. Isuhu yana gefe yana ta cewa, "Ku bari, wallahi ku bari," ba mai sauraronsa. Ni na ɗauki ƙafa takwas. Keken ɗinkin da talbijin na bar wa Mairo, har yau tana cewa ita ce ta ci ribar tafiyar.

Komawa gida

Mairo ta yi arba'in, na kamo hanya ran wata Alhamis da hantsi. A Legas jami'in kwastan ya buɗe akwatina ya ga takalman maza iri-iri, ya ce, "Hajiya, mazanki nawa?" Na ce ya rufe mini akwati. Na kwana Kano, na iso Funtua washegari da azahar. Ina shiga Inna ta dubi bayana, ba ni ta duba ba. Ta ce, "Ina gadon?" Na ce, "Yana kan ruwa, Inna." Na zauna na ba ta labarin duka, har da na takalma. Da na gama ta ce, "Yaron nan yana da uwa?" Na ce yana da ita.

Jirgin ruwan ya iso Legas a kan lokaci, amma fitar da kaya ya ɗauki mako uku, kuma ƙanen maigidana da ya je karɓa ya dawo yana zagin wata kalma da ya ce ana kiranta dimarej. Na ce ya zauna in gaya masa asalinta, ya ce ba ya so. Kullum da safe Inna sai ta tambaya, kullum in ce yana hanya, har na fara tsoron shiga ɗakin.

Farkon Disamba wata babbar mota ta tsaya a ƙofar gida da hantsi. Aka ɓalle akwati a zaure, aka ware saƙon mutane gefe, makanike ya haɗa gadon a ɗakin Inna, muka sa shi daidai ƙofa. Mutum huɗu suka ɗora ta. Na kama hannun ƙarfen na fara murzawa. Kanta ya taso a hankali, kafaɗunta suka biyo, har ta zauna sosai. Ta daɗe tana kallon waje, mu kuma muna kallonta, ba mai motsi. Sai ta ɗaga hannun hagu ta nuna, ta ce da karkataccen bakinta, "Wa ya ce a ɗaure akuya a gindin lemona?"

Muka fashe da dariya muna kuka, yara suka ruga kwance akuya. Da aka kira azahar ta ce a juya mata gadon gabas, aka yi mata alwala, ta yi salla a zaune.

Na gode wa Allah da ya kai ni ya dawo da ni lafiya. Na gode wa Sista Ladi, da Injiniya da ya yi haƙuri da ni, da Malam Ƙamus duk da ya kusa haukata ni. Takalma sun yi ta zuwa kaɗan-kaɗan, na ƙarshe sai bayan shekara biyu, a akwatin Dokta, kuma teburin Maraɗi ya buɗe. Inna ta yi shekara uku a kan gadon nan tana mulkin tsakar gidanta. Bayan kowace salla sai ta ɗaga hannu ɗaya ta yi wa mutane addu'a da sunayensu. Har ta rasu ba ta iya riƙe sunan Isuhu ba, mai takalma take cewa, kuma na tabbata Wanda take roƙo ya san ko wane ne.